Zanen Tafiya

"Riƙe nan, 'yata. A'a, ƙasa kaɗan. Yawwa."

Haoua ta danne gefen zaren da yatsu biyu, ɗaya hannun kuma tana tare 'yarta Fanta, wadda ta rarrafo ta nufi almakashi. Maƙwabciyarta Dada Pauline ta ɗaga akwasha, dogon katakon nan da mata ke buga zare da shi a masaƙa. Ta kai bugu ɗaya, ta kai na biyu, a na uku katakon ya suɓuce ya faɗo mata a cinya. Ta zauna tana kallonsa kamar wani ne ya jefo mata shi ta taga.

"Dada, ki bar shi haka nan. Jikinki fa kamar garwashi."

"Zafin Garwa ne. Wa kika taɓa gani da sanyin jiki a garin nan kafin ruwa ya sauka?"

"Zafin Garwa ba ya sa tari."

Tsohuwar ta tofa a gwangwanin da ke gefenta, ta tura shi bayan buhu da ƙafa.

Ɗakin tsohuwar ɗaya ne, a gidan hayar da suke zaune a unguwar Yelwa, kuma shi ne wurin kwana, shi ne wurin sana'a, shi ne shago. Masaƙa tana jingine da bango. Buhun audugar da ake kawo mata daga Pitowa ya cinye kusurwa guda, gashin audugar kuwa ba inda bai shiga ba, har cikin miya. Bayan ƙofa akwai tukunyar baba ta rini, da ƙaton dutse a kan murfinta. Haoua ce ta ɗora dutsen da hannunta ranar da Fanta ta fara rarrafe, ba ta ma nemi izini ba. Tsohuwar ta yi dariya a lokacin, ta ce ita ta reni yaro a kusa da wannan tukunya bai zama shuɗi ba, amma ba ta taɓa sauke dutsen ba.

Tsohuwar ta san abin da ya sa. Ɗan farin Haoua bai kai ga yin zama ba ya koma. Dada Pauline, Kirista ce daga duwatsun Mayo-Oulo, bango ɗaya ya raba ɗakunansu, ita ce ta riƙa shigo mata da kunu har ta soma cin abinci. Da aka sake samun ciki, tsohuwar ta kaɗa zare da mazarinta, ta saƙa zanen goyo mai faɗi, fari sol, da layin shuɗi guda ɗaya a gefe, wanda shi ne alamar hannunta. Ranar suna ta miƙa mata, ta ƙi karɓar ko goro. Tun daga ranar, Fanta ba ta taɓa hawa baya da wani zane ba. Idan an wanke shi, Haoua tana zama a gida har ya bushe.

Labule ya ɗaga. Laetitia ce, matar Jonas, ɗan tsohuwar tilo, da waya a hannu. 'Yar kudu ce, aure ya kawo ta arewa, Hausarta ta cefane ce, rabi Faransanci. Ita ce take ɗaukar hoton zannuwan ta sa a waya, ita ce take magana da masu saye a Yawunde da Duwala, ita ce take kai kaya tashar mota.

"Maman, kiliyan, mai sayen nan ta Yawunde, ta sake kira. Ta ce layi na wancan zane bai miƙe ba kamar na hoto."

"Ki ce mata hannu ne ya yi, ba inji ba."

"Na faɗa. Ta ce ta san hannu ne, shi ya sa ta saya, amma tana so ya zama daidai kamar na inji."

Haoua ta kwashe da dariya. Tsohuwar ma ta soma, tari ya tare ta.

Laetitia ta durƙusa ta shiga rarraba zannuwan da ke kan tabarma gida biyu, kamar yadda ta saba. "Wannan na tafiya, wannan na tafiya, wannan na zama, bai gama bushewa ba. Na tafiya, Alhamis za su shiga mota. Saura babba ɗaya, Maman, na kiliyan ɗin nan, wanda za ta shimfiɗa a tebur. Ta ce in bai zo wannan mako ba, a bar shi."

"Ga shi a masaƙa."

Su duka uku suka kalli masaƙar. Abin da aka saƙa bai wuce kamu ɗaya ba. Laetitia ta kwashi kayanta ta fita tana amsa wani kiran.

Dada Pauline ta jira har ƙarar takalminta ta ɓace. Sannan ta ce, "Janyo mini akwatin nan na ƙarƙashin gado."

A can ƙasan akwatin, ƙarƙashin kayan zuwa coci, akwai wani zane a naɗe da ganyen darbejiya a tsakaninsa saboda asu. Haoua ta warware gefe ɗaya. Ba ta taɓa ganin saƙa mai laushi irin wannan ba. Zaren siriri ne, bugun a matse, ga layin shuɗin nan a gefe.

"Wannan shi ne zanen tafiyata," in ji tsohuwar.

"Ashe ke ma za ki shiga motar Alhamis?"

"Motar da zan shiga ba ta da ranar tashi." Ta shafa zanen. "A wurinmu, ba a rufe mutum da yadin kasuwa. Da saƙar hannu ake naɗe shi. Uwata da nata ta tafi, kakata ma haka. Ni kuwa wannan ne na uku da na saƙa wa kaina. Na farko ya tafi kuɗin makarantar Jonas. Na biyu ya tafi shekarar da iska ta yaye mana kwano. Kin san sana'ar gida, 'yata. Abin da ka ajiye wa kanka, shi ne kayan shago da ba a fito da shi ba tukuna. Da zarar an ce saura ɗaya, shi ke nan."

"Su Jonas sun san da shi?"

"In Jonas ya sani, kuka zai yi mini. In matarsa ta gani, hoto za ta ɗauka. Ke na faɗa wa. Ranar da na kwanta, ki tsaya a kai. Kada a sa ni a yadin inji bayan duk wannan bugun da na yi."

"Haba Dada, bar wannan maganar."

"Ki ce kin ji."

Haoua ta gyara zaman Fanta a cinyarta. "Na ji."

Kwanakin da suka biyo baya, ƙarar akwasha ta riƙa raguwa ta bayan bango. Da can Haoua takan yi mita idan bugun ya tashi Fanta daga barcin rana. Yanzu sai ta tsinci kanta tana kasa kunne tana wanke-wanke, in ta ji bugu biyu sai ta saki numfashi. An yi ta fama da tsohuwar ta je asibiti, ta ce sai ta sauke na masaƙa, domin an riga an yi wa mai tebur alkawari, kuma in ka saɓa wa mai saye ɗaya a waya, goma ne suka ji.

Ranar Alhamis Haoua ta kai Fanta rigakafi. Layi ya yi tsawo, rana ta take, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da suka dawo bayan azahar, ta tarar da ƙofar Dada Pauline a kulle. Hadje, mai gidan, tana zaune a zaure da mafici, ta ce tsohuwar ta fita hayyacinta da hantsi, Jonas ya ɗauke ta a mota zuwa asibiti.

Washegari Haoua ta dafa kunun gyaɗa ta kai asibiti. Ba ta shiga da Fanta ba, ta bar ta a hannun Hadje, don ba ta son iskar wurin ta taɓa ta. Tsohuwar ta buɗe ido, amma ba ta sha ba. Yatsunta na dama suna ta murza gefen zanen gado, babban yatsa da manuni, kamar mai kaɗa mazari. Haoua ta riƙe hannun. Ko a cikin nata hannun, yatsun ba su daina ba.

Ranar Asabar da hantsi Dada Pauline ta cika.

Kafin azahar an dawo da ita ɗakinta. Gidan ya cika da matan coci, suna waƙa ƙasa-ƙasa da harshen mutanen dutse. Yayarta Martine, wadda aka aika wa tun jiya, ta iso daga Mayo-Oulo a motar safe, doguwar tsohuwa mai jan ido, ta ce yau za a tafi da ita gida, kafin la'asar mota ta tashi, zafin nan ba ya jiran kowa. Aka yi mata wanka. Sannan Martine ta juyo ta ce da Hausa, don kowa ya ji, "Ina zanenta? Na san 'yar'uwata, ba za ta rasa ajiye wa kanta ba."

"Yana nan," in ji Haoua. Ta durƙusa da goyonta ta janyo akwatin. Ta ɗaga kayan coci. Ta ɗaga tsohon mayafi. Ganyen darbejiya ne kawai a ƙasa, ya bushe ya marmashe.

Ta zazzage akwatin a kan tabarma. Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga katifa, ta tura hannu cikin buhun auduga.

"Me ake nema?" Laetitia ce a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Wani farin zane, mai laushi. A nan yake, na gan shi da idona. Zanen tafiyarta."

"Na tafiya? Ai ya tafi."

Waƙar ta tsaya.

"Ranar Alhamis," in ji Laetitia, tana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. "Ina haɗa kaya, Maman tana kwance, jiki ya yi zafi. Na ce, Maman, babban na tafiya fa, an gama? Ta ce, na tafiya yana cikin akwati, a ƙasa, tuni na gama. Na ce to, useko, na gode, Allah ya taimake mu. Na ɗauka ta ɓoye shi ne saboda ƙura. Na kai tasha." Ta juya ga Haoua. "Ba shi ne ba? Haoua, tafiya ba mota ba ne?"

Martine ta nuna mata gawar da haɓa. Laetitia ta kalli surukarta a shimfiɗe, ta kalli akwatin, sai ta zame a jikin ƙofa ta zauna daɓas.

Jonas ya karɓi wayar daga hannunta ya ce bari a kira tasha, ko motar ba ta wuce Ngong ba. Shi kansa ya san ta wuce tun shekaranjiya. Yana buɗe wayar ya tsaya. Matar Yawunde mai tebur ta riga ta turo hoto tun safe. Ga zanen an shimfiɗa shi a kan wani dogon teburin cin abinci, an jera farantai, an ɗora tulun furanni a tsakiya. A ƙasa ta rubuta godiya, ta ce wannan karon layin ya miƙe, kuma tana son wani irinsa.

Ya kife wayar a kan gado.

"Zan je kasuwa," in ji shi. "Akwai farin yadi mai kyau."

"Mai kyau," in ji Martine. "Matar da ta ƙarar da ƙirjinta a kan auduga. In na kai ta gida a yadin inji, me zan ce wa mutanenmu? In ce ta saƙa wa duniya, ita ba ta samu ba?" Ta juya ga matan. "Duk unguwar nan ba mai saƙarta ko ɗaya?"

Matan suka kalli ƙasa. Wa ke sayen saƙar hannu a Yelwa, ga atamfa mai araha a bakin titi? Duk abin da Dada Pauline ta saƙa mota ce ta tafi da shi. Na masaƙa kuwa ko ƙafafunta ba zai rufe ba.

Haoua ta ji zufa tana bin bayanta, daidai inda cikin Fanta ya manne. Ba wanda ya kalle ta. Hakan ya fi mata nauyi da a ce sun kalla. Ta miƙe ta fita tsakar gida, ta tsaya a inuwar bango kusa da randa.

Hadje ta biyo ta, ta kama ta a damtse. "Na ga idonki. Kada ki soma."

"Hadje, na yi mata alkawari."

"Alkawarin wancan zane kika yi, ba na wannan ba. Wancan ya tafi, Allah ya gani ba laifinki ba ne. Zanen goyo ba ya shiga ƙasa alhali mai shi tana baya. Ke ba yarinya ba ce, kin binne ɗaya. Ki bari ki yaye ta mana."

"Camfi ne, Hadje."

"Camfi ne. To me ya sa ba ki taɓa goya ta da wani ba?"

Haoua ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar Fanta, wadda har yanzu cinyarta ke da ɗumi a wurin allura. Ta san ba zare ke riƙe rai ba, ta ji malamai sun faɗa, ita ma takan faɗa wa wasu. Amma ta tuna safiyar da ta kwance wancan yaron daga bayanta, jikinsa ya saki. Ta tuna yadda ta yi wata da watanni ba ta iya ɗaura zane a ƙirji sai numfashinta ya ɗauke. Wannan zanen ne ya fara zama mata a ƙirji ba tare da ya shaƙe ta ba. Mijinta Mahamman yana hanyar Pitowa da fasinja, ko ta kira shi cewa zai yi ta yi abin da ta ga ya dace, kullum haka yake cewa.

Daga ɗaki ta ji Jonas yana tambayar wani kamu nawa ake saya. Ta ji ƙarar makullin babur.

"Jonas," ta ce. "Dakata."

Ta sunkuya, ta kwance ƙullin ƙirjinta, ta zamo da Fanta gaba ta rungume. Iska ta bugi bayanta da ya jiƙe, sai ta ji tsikar jikinta ta tashi a tsakiyar wannan rana. Hadje ta saki damtsenta, ta ce, "La haula," ta koma zaure.

Haoua ta shiga ɗakin da yarinya a hannu ɗaya, zane a ɗaya. Ya yi laushi saboda wanki, ya ɗan yi ja a tsakiya, wani gefen ma Fanta ta tauna shi.

"Ga wannan, Dada Martine. Hannunta ne. Sai dai yana warin nono da fitsari. Ku ba ni ɗan lokaci in ɗauraye, rana za ta busar da shi yanzu."

Martine ta karɓa. Ta bi layin shuɗin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ta kai zanen hancinta, ta daɗe a haka.

"Kada ki wanke," in ji ta. "Haka za ta fi son sa."

Faɗinsa ya isa, domin tsohuwar ta rame ƙwarai. Matan suka naɗe ta, suka soke gefen, waƙar ta sake tashi. Laetitia ta rarrafo ta riƙe ƙafafun gawar tana cewa, "Pardon, Maman, pardon," har sai da matan suka janye ta gefe. Haoua tana tsaye a jikin bango, ta matse Fanta da hannu biyu, tana karanta duk abin da ya zo bakinta a kan yarinyar.

Maza sun shigo za su ɗauka ke nan, Martine ta ce a ɗan jira. Ta ɗauki almakashi, ta nufi masaƙa.

"Wannan na kiliyan ne," in ji Laetitia cikin shessheƙa, don bakinta ya saba. Sai kuma ta girgiza kai. "A'a. Ta samu nata. Yanke, Tanti."

Martine ta yanke zaren tsaye sama da ƙasa. Guntuwar saƙar ta faɗo a hannunta, kamu ɗaya da ɗan ɗori, bugun farko a matse, na ƙarshe-ƙarshe kuwa sako-sako, inda hannun ya soma gajiya. Ta ninka shi biyu ta ɗora a kafaɗar Haoua.

"Ba zai yi zane ba. Amma zai yi majanyi."

Motar ta tashi kafin la'asar. Mata suka watse, aka bar tabarmi a tsakar gida ba wanda ya naɗe. Haoua ta shiga ɗakinta ta ɗauko wata tsohuwar atamfa, ta saɓa Fanta a baya ta ɗaura. Yarinyar ta yi ta mutsu-mutsu, santsin bai yi mata ba. Haoua ta ɗora guntun saƙar a ƙarƙashin mazaunanta, ta zagayo da shi. Da ƙyar bakin biyu suka haɗu a cikinta, sai da ta kama zaren da ke reto ta ƙulla.

Ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin maƙwabciyarta. Masaƙar tana jingine da bango, ba komai a jikinta sai guntayen zare. Akwasha tana ƙasa, ta ɗauke ta ta jingine. Dutsen yana nan a kan tukunyar baba. Ta soma shara daga kusurwar buhu, gashin auduga yana tashi yana sauka a hasken ƙofa.

Can ta ji mutsu-mutsun ya tsaya. Ta waiwaya ta kan kafaɗa. Fanta ta yi barci, kuncinta a manne da bayan uwarta, ta damƙe wani shuɗin zare da ke reto a cikin tafin hannunta.